Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Gyaran Ƙafar Mota



Abin da zan yi muku bayani a kansa yau wani ƙarfe ne da bai wuce cikin tafin hannu ba, amma shi ke riƙe da ƙafar gaba ta mota. Makanikai suna ce da shi boljon. Na sani ba Hakimi ne zai kwanta ƙarƙashin mota da sufana ba. Amma shi ke ba da izinin gyara, Malam kuwa shi ke rubuta kuɗin, saboda haka ya kamata ku san abin da kuke biya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ya ga kan ƙashin cinyar sa, dunƙulalle, yana zaune cikin gurbinsa, yana juyawa ko'ina ba ya fita. To, haka boljon yake: dunƙulen ƙarfe mai wutsiya cikin ƙoƙon ƙarfe, an cika shi da giris, an rufe da hular roba. Shi ya sa ƙafa ke iya hawa da sauka bisa gargada, tana kuma bin sitiyari a lokaci guda. Da can da wata doguwar ƙusa ake haɗa ƙafar, irin wadda manyan motocin kaya ke da ita har yanzu. Kamfanin Ford na Amurka ya sa boljon a motarsa Lincoln cikin 1952, daga baya ya game ƙananan motoci. Peugeot 504, wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe cikin 1975 ta daɗe tana haɗawa, guda ɗaya gare ta a kowace ƙafar gaba, daga ƙasa. Toyota Hilux ƙirar 2005 zuwa yau biyu gare ta, sama da ƙasa.

Yawanci daga hular roba ɓarna ke somawa. In ta yage, ƙurar rani da ruwan damina su shiga, giris ya gauraya da yashi, ya riƙa cin ƙarfen kamar dutsen wasa wuƙa. Daga nan sai a fara jin ƙwas-ƙwas in an faɗa rami, mota ta riƙa yawo bisa hanya, taya ta cinye ta gefe ɗaya. In aka ƙyale, wata rana dunƙulen ya fice daga ƙoƙonsa, ƙafa ta lanƙwashe ƙarƙashin mota, sitiyari ya zama banza. Ku tuna fa, sau da yawa motar gunduma ita ce ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

Gwajin ba wuya. A ɗaga motar, a tokare ta da ƙarfen tokara, kada a dogara ga jak kaɗai ko tubali. Mutum ɗaya ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza. In ya ji lako-lako, direba ya taka birki, a sake girgizawa. In motsin ya ɓace, laifin boris ne; in yana nan, a tuhumi boljon.

Yanzu ga wurin da nake roƙon ku saurara da kyau. Akwai makanikan da kan ce za su "cika" tsohon, watau su daddake ƙoƙon da guduma, ko su cusa masa leda ko guntun roba, ƙarar ta ɗauke kwana kaɗan. Wannan ba gyara ba ne, toshe wa mara lafiya baki ne don kada a ji nishinsa. Araha kuwa ba ta ado. Boljon da ya ci, sai sabo, kuma in na dama ya ci, lalle a duba na hagu, gama hanya ɗaya suka bi.

Wajen cirewa, a tallafe hannun ƙasa da jak tukuna, don sifirin yana danne da ƙarfin da zai iya karya hannun mutum. A zare 'yar ƙusa mai baki biyu, a sassauta noti, a raba wutsiyar da raminta da ƙarfen da aka yi domin haka. Kada a bar kan birki yana reto da tiyonsa. A ɗaure shi da waya.

Wajen sa sabon, a share ramin tas, a duba ko ya buɗe. Ramin nan tsukakke ne, wutsiyar ma haka, matsewarsu ce ke riƙe ƙafar, don haka ba a shafa musu giris. In ramin ya buɗe, sabon boljon ba zai zauna ba, sai a sake ƙarfen da ramin ke jikinsa. Irin wanda ake dannawa cikin hannu, da injin matsi ake shigar da shi, ba da guduma ba. Noti kuwa da sufana mai awo ake ɗaure shi, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. In tsagar noti ba ta yi daidai da hudar wutsiya ba, a ƙara ɗaurewa kaɗan har su dace. Kada a koma baya ko kusa. Sa'an nan a sa sabuwar ƙusa mai baki biyu a tanƙwara bakinta. Ƙusar kafinta ko guntun waya ba su maye gurbinta. In boljon ɗin yana da bakin giris, a ɗura har hular ta ɗan kumbura, a tsaya. Bayan an gama duka, tilas a kai motar wurin masu daidaita ƙafafu, in ba haka ba sabuwar taya ta tafi a banza.

Ku Malamai, ga naku aikin. A rubuta ranar gyara, da lambar da ke kan agogon tafiya, da ƙafar da aka gyara, dama ko hagu, sama ko ƙasa. Kafin a biya, direba ya kawo tsohon ƙarfen ofis tare da kwalin sabon, Malam kuma ya sunkuya ya ga ƙusar mai baki biyu da idonsa. In Hakimi ya yarda, a sa direba ya riƙa leƙa hulunan roban nan duk ran da aka yi juyen mai, da kuma bayan kowace tafiya da aka ƙetare rafi.