Kafin Mu Tura Alƙaluma Gida: Tambayoyi Uku na Mai Bincike



Kusan kullum alƙaluma kan faɗo cikin zaurukanmu na WhatsApp: yawan mutanen jiha kaza, yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, ɗan takarar da ake cewa shi ke gaba. Mu kuma mukan tura su gida, kuma da yake ana kallonmu a matsayin masu karatu a waje, abin da muka tura yakan zama hujja a majalisa. Saboda haka muka ga ya dace mu ari tambayoyi uku daga ilimin binciken zamantakewa, mu riƙa yi wa kowane adadi kafin mu yarda da shi.

Tambaya ta farko: wa aka tambaya? Mai bincike ba ya iya jin ta bakin kowa, sai ya ɗebi wani yanki na jama’a, wato samfuri, ya auna sauran da shi. Mai sayen hatsi a Dawanau ya san wannan: ba ya duba bakin buhu kawai, sai ya ɗebo daga tsakiya da ƙasa. A shekarar 1936 wata mujallar Amurka, Literary Digest, ta tattara amsoshi fiye da miliyan 2 ta ce Landon zai kayar da Roosevelt. George Gallup, da samfuri ƙarami ƙwarai amma zaɓaɓɓe da kula, ya ce Roosevelt ne zai ci, kuma haka aka yi. Mujallar ta dogara da sunayen masu tarho da masu mota, talaka bai samu shiga sosai ba. A zaɓen 2023 ma, wasu ƙuri’un jin ra’ayi da aka yi ta waya sun sa Peter Obi a gaba, amma sakamakon da INEC ta bayyana ya ba Bola Tinubu ƙuri’u miliyan 8.8, Atiku Abubakar kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1. Daga cikin masu rajista miliyan 93, ƙasa da kashi 30 cikin 100 ne suka fito. Ko me mutum yake gani game da zaɓen, wajibi ne ya tambaya: manomin da ba shi da waya, an ji ta bakinsa? Wanda ya amsa, ya je rumfar zaɓe?

Tambaya ta biyu: me ake nufi da kalmar? Kafin a ƙirga abu sai an yanke masa ma’ana. UNICEF ta daɗe tana ba da adadin yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, UNESCO kuma a 2022 ta ce kimanin miliyan 20. Mai gaggawa zai ce ɗaya ta yi ƙarya. Alhali adadin farko ya shafi ’yan shekara 5 zuwa 14, na biyu kuwa ya kai har ’yan shekara 18. Ga kuma batun da ya fi shafarmu: almajirin da ke tsangaya yana makaranta ko ba ya makaranta? Amsar da aka zaɓa ita ke motsa adadin Arewa sama ko ƙasa, kuma a kan adadin ake tsara kasafi.

Tambaya ta uku: wa zai amfana da adadin? A ƙasarmu yawan jama’a na shiga lissafin kujerun majalisa da rabon kuɗin tarayya, shi ya sa ƙidaya ta zama fagen daga. An soke ta 1962, an yi jayayya kan ta 1963, gwamnatin Murtala Muhammad ta soke ta 1973. Ta 2006 ta ba da miliyan 140, Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas kuwa ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17. Wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. A nan Saudiyya, ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2, kimanin miliyan 13.4 daga cikinsu baƙi ne irinmu. Mu kuwa duk adadin da muke ambata yau hasashe ne da aka ɗora a kan ƙidayar 2006.

Wannan taka-tsantsan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ibn Khaldun a Muƙaddimarsa ya tuhumi masu tarihin da suke kambama yawan runduna ba tare da auna shi da hankali ba, malaman hadisi kuma ba sa karɓar magana sai sun san daga wa ta fito.

Roƙonmu shi ne, duk adadin da zai shiga wannan mujalla ko zaurukanmu ya zo da sunan wanda ya tattara shi, da shekarar, da yadda aka tattara. In babu waɗannan, mu riƙe shi a hannu, ko da kuwa yana goyon bayan jam’iyyarmu ko jiharmu.