Tsinke da Ɗigon Asid: Don Me Asibitocinmu Suka Bar wa Kasuwa Gyaran Tabon Kuraje?

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Batuna shi ne hanyar da ake kira CROSS, wato ɗiga asid ɗin TCA mai ƙarfi da tsinke a cikin ramin tabon kurajen fuska, rami bayan rami, ba tare da an taɓa lafiyayyar fatar da ke gefe ba. Matsayina kuwa shi ne: wannan aikin asibiti ne, kuma daidai yake da aljihun majinyatanmu, amma mun zauna jiran na'urar leza har aikin ya faɗa hannun masu sayar da man shafawa.

Kun san rabon da Jacob da Dover da Kaminer suka yi wa tabo mai rami a 2001: mai ƙuncin baki da zurfi, mai faɗin baki da gefe a tsaye irin na ƙarambau, da mai gangara. Na farkon nake nufi. Bakinsa bai kai milimita 2 ba, amma yana iya nitsewa har ƙasan fata, kuma shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na tabo mai rami. Shi ya fi yawa, shi ya fi taurin kai. Goge saman fata ba ya kai wa gindinsa. Sassoka fata da ƙananan allurai ma amfaninsa kaɗan ne a kansa. Yanke kowane rami a ɗinke yana aiki, amma wa zai ɗinke rami arba'in a kunci ɗaya?

A 2002 ne Lee da abokan aikinsa suka wallafa wannan hanya daga Koriya ta Kudu. Majinyata 65 suka yi wa aiki. An yi wa 33 da TCA mai ƙarfin kashi 65, sai 27 daga cikinsu, wato kashi 82, suka samu sauƙi mai kyau. An yi wa 32 da mai ƙarfin kashi 100, sai 30 suka samu, wato kashi 94. Waɗanda aka maimaita wa sau biyar ko shida da mai ƙarfin 100 duk sun kai matakin sakamako mafi kyau. A 2011 Khunger da abokan aikinta a Indiya suka yi wa mutum 30 masu tabo mai zurfi, zama huɗu, mako biyu tsakani. Kashi 73.3 sun samu sauƙin da ya haura kashi 70, kashi 20 sun samu tsakanin 50 da 70, sauran kashi 6.7 suka samu matsakaici. Mutum biyu wurin ya yi musu duhu, ɗaya ya yi masa fari, kuma duka sun washe. A wannan shekarar dai, a Masar, Leheta da abokan aikinta suka raba mutum 30 gida biyu: waɗanda aka sassoka da allurai tabonsu ya ragu da kashi 68.3, waɗanda aka ɗiga wa TCA ya ragu da kashi 75.3, kuma a kan tabo mai zurfi TCA ɗin ne ya yi fice.

Ga wanda na fi so shugabannin asibitoci su saurara. A 2009, a Koriya, an ɗauki mutum 20 aka raba fuskar kowa biyu, gefe ɗaya leza mai tsawon zango 1550, ɗaya gefen tsinke da asid. A tabo mai gangara leza ta yi nasara, ban musa ba. A tabo mai zurfi kuwa ba a ga bambancin da za a kafa hujja da shi ba. Na'urar da sai an yi odarta da dala, a tanadar mata janareta da injiniya, ta yi kunnen doki da tsinken sakace.

Za a ce waɗannan bincike ƙanana ne. Haka ne. Bitar Cochrane ta 2016 ta duba gwaji 24 masu mahalarta 789 a kan hanyoyin gyaran tabon kuraje gaba ɗaya, ta ce hujjojin ba su da ƙarfi. Amma hukuncin ya haɗa har da leza, kuma ban ga wanda ya fasa sa ta a kasafin kuɗi saboda haka ba.

Yadda ake aikin ba ɓoyayye ba ne, kuma sauƙinsa ne ya jawo mana matsala. A wanke fuska, a goge maiƙo da sifirit. Majinyaci ya kishingiɗa, ido a rufe. A fiƙe tsinke har ya fi bakin ramin siranta, a tsoma shi, a ɗige rarar a bakin kwalba. A ja fatar da yatsu biyu ramin ya buɗe, a dasa tsinken a gindinsa. Cikin daƙiƙu kaɗan wurin zai yi fari fat, alamar furotin ɗin fatar ya daskare, majinyaci kuma zai ji zafi na ɗan lokaci wanda ba ya buƙatar allurar kashe ciwo. Bayan kwana ɗaya ko biyu ɓawo ya fito, cikin mako guda ya faɗi da kansa. Daga nan jiki ke saƙa sabon kolajin daga ƙasa, ramin yana tasowa a hankali cikin makonni da watanni. Shi ya sa zama ɗaya ba ya isa.

Yanzu ku dubi inda ake ɓata shi. Idan tsinken ya fi ramin kauri, bakin ramin ne zai ƙone, tabon ya ƙara faɗi. Idan asid ɗin ya yi yawa a tsinke, ɗigo ɗaya zai gangaro. Duk wanda ya zauna a ɗakin duba masu ciwon fata a 'yan shekarun nan ya san wannan alama: baƙin layi miƙaƙƙe daga kan ƙashin kunci zuwa haɓa, a fuskar yarinya da niƙabi ko takunkumi ya rufe. Ka ce, "Ƙanwata, me kika shafa?" Ta ce, "Wallahi likita, wata ce ta haɗa mini, saura wata ɗaya biki." Ka ce ina kwalbar, ta ciro 'yar ƙaramar roba babu suna, babu ƙarfi a rubuce, babu kwanan wata. Ta zo da ramuka da hoda ke iya rufewa, ta koma da zane da babu hodar da za ta rufe.

Ko a hannun ƙwararru akwai tarkon da ba a cika magana a kai ba, wato haɗin ruwan kansa. Gram 100 na ƙanƙarar TCA da aka cika da ruwa har ya kai mililita 100 daban yake da gram 100 da aka zuba wa mililita 100 na ruwa, kuma dukansu daban suke da haɗin nauyi da nauyi. Likita ya rubuta kashi 70, mai haɗa magani ya bi tasa hanya, abin da ya isa fuskar majinyaci ba shi aka rubuta ba. Ƙanƙarar kuma tana shan danshin iska idan an bar murfi a sake. Abokanmu masana haɗa magunguna da ke zauren nan, wannan naku ne.

Sai fatarmu. Binciken Koriya da na Indiya a kan mutane masu fata ta huɗu da ta biyar a ma'aunin Fitzpatrick aka yi su. Da yawan waɗanda ke zuwa gabanmu ta biyar ne zuwa ta shida. Baƙar fata kan mayar da martani ga ƙuna da ƙarin baƙi, wani lokaci na tsawon watanni, kuma tabo mai tudu da ke ci gaba da girma ya fi samuwa a cikinmu. Wanda ke da irin wannan tabon a kunne ko a ƙirji ba a fara masa wannan aiki da gaggawa. Wanda kurajensa ke ɗanye, a fara kashe kurajen. Sannan rana: a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, gaya wa ɗan acaɓa ko mai talla ya guji rana na mako biyu magana ce kawai.

Akwai kuma abin da Lee bai yi fama da shi ba a Seul. Tsarin Indiya ya tanadi shirya fata na mako biyu da hydroquinone kashi 4 da tretinoin kafin a fara. Mu kuwa majinyaciyarmu takan zo ne bayan ta shekara da shekaru tana shafa hydroquinone da man siteroyid irin su clobetasol. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 sun ce kashi 77 na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske. Fatar da siteroyid ya sirantar ba ta warkewa kamar lafiyayya, kuma asid yana nitsewa a cikinta fiye da yadda aka nufa. Duk wanda ya ɗauko tsarin Indiya ya ɗora wa irin wannan fata ba tare da tambayar tarihin shafe-shafe ba, ganganci ya yi. Kuma ba a tambaya ɗaya ake samun amsa ba. "Ba na bilicin" takan zama "sai dai wani ɗan haɗi da nake yi" a tambaya ta uku.

Ina masu iko? Ƙa'idar NAFDAC ta 2019 ta hana siteroyid da makuri a kayan kwalliya, ta kuma taƙaita hydroquinone a kashi 2. A 2023 hukumar ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Madalla. To ku buɗe wayoyinku yanzu, ku shiga Instagram, ku ga ko za ku yi minti biyar ba ku samu mai turo muku asid ɗin ɓare fata har gida ba. A watan Yulin 2024 hukumar FDA ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su yi amfani da irin waɗannan asid masu ƙarfi ba tare da kulawar ƙwararre ba, ta kuma aika wa manyan 'yan kasuwa takardun jan kunne, ciki har da Amazon da Walmart. Mu mun gaji da taron wayar da kai da rabon riguna. TCA da ya haura ƙarfin ɓare saman fata a mayar da shi abin da ba a sayarwa sai da takardar likita, daga kantin magani mai rajista, da ƙarfinsa da hanyar haɗinsa a rubuce a jikin kwalba. Wannan bai buƙaci sabon gini ko tafiya ƙasar waje ba.

Amma hani kaɗai ba zai yi ba, domin buƙatar tana nan. Saurayin da ke zuwa neman aiki da amaryar da ake ƙirga wa kwanaki ba za su haƙura don mun ce tabo ba ya kisa ba. Likitocin fata kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane. A koya wa likitocin iyali da masu neman ƙwarewa wannan aiki ƙarƙashin kulawar likitan fata, a fara da rami biyu ko uku a wurin da ba ya fitowa fili, a jira makonni a ga yadda launin zai yi kafin a taɓa sauran.

Buƙatata ta ƙarshe ga sassan fata na asibitocin koyarwa da ke Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri ce. Mu buɗe rajista guda, fom ɗaya: nau'in fata, tarihin man shafawa, ƙarfin asid da yadda aka haɗa shi, yawan zama, da hoto a haske iri ɗaya kafin a fara, da bayan wata uku, da bayan wata shida, da izinin majinyaci a rubuce. Koriya da mutum 65 ta fara. Idan kowane sashe ya kawo 20, mun wuce su. Na zo da daftarin fom ɗin, yana wurin sakataren taro, ina so a gyara shi kafin mu watse.