Ƙarya da gaskiya cikin ɗaki biyu: lacca kan wani wasan kwaikwayo na Amurka



Ran 3 ga watan Disamba 1947 ne aka fara nuna wasan A Streetcar Named Desire a birnin Niyu Yok. Tennessee Williams ya rubuta shi, kuma ya ci kyautar Pulitzer a 1948. Sunan wasan ya samo asali daga wani jirgin cikin gari na Niyu Oliyans da ake kira Sha'awa. Shi Blanche DuBois ta hau, ta sake wani mai suna Maƙabarta, kana ta sauka gidan ƙanwarta Stella.

Blanche ɗiyar babban gida ce da arziki ya juya wa baya. Bashi ya cinye gidansu na gado. Mijinta na ƙuruciya ya harbe kansa bayan ta yaɓa masa baƙar magana. An kore ta daga aikin koyarwa saboda ta nemi wani ɗalibi ɗan shekara 17. Duk wannan ta binne shi: tana ɓoye shekarunta, tana shan giya a asirce, har ta lulluɓe ƙwan fitila da takarda don kada haske ya tona fuskarta. Rufin asiri take nema, da mijin da zai riƙe ta.

Stanley Kowalski, mijin Stella, shi ya bi diddiginta, ya kwashe labarin ya kai wa abokinsa Mitch mai niyyar aurenta. Abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ba don gaskiya ya faɗe shi ba; so yake ya kasance shi kaɗai ne mai iko cikin ɗakunan nan biyu. Ranar bikin haihuwarta ya miƙa mata tikitin mota na komawa inda ta fito. Daren da Stella take asibiti wurin haihuwa kuwa, ya yi mata fyaɗe.

A nan ne wasan ya juya. Sau ɗaya Blanche ta faɗi gaskiya mai nauyi, sai aka ce hauka ne. Stella ta zaɓi ƙin yarda, domin in ta yarda, zamanta da mijin da take so ya ƙare, ga jariri a hannu. Maƙwabciyarta Eunice ta ƙarfafa mata gwiwa kan haka. Likita ya zo ya tafi da Blanche gidan mahaukata, maza na zaune suna karta.

Saboda haka, jama'a, ƙaryar Blanche ba ita ce babba ba, don kanta ta fi cuta. Babbar ƙarya ita ce wadda gida da maƙwabta suka haɗu a kai domin a zauna lafiya da mai ƙarfi. Ta marar ƙarfi ce aka tona. Ta mai ƙarfi kowa ya taya rufewa. Duk wanda ya kalli wasan nan ya dace ya tambayi kansa: a wace kujera yake zaune ranar da likitan ya zo?

Allah ya sa mu dace.