Littafin bashin Inna mai shayi

Shugaba, iyayenmu, 'yan uwa.

Bana muna bikin nan babu Inna mai shayi ta Pelebina. Duk mai bin hanyar Jugu zuwa Basila ya san rumfarta: shayi, burodi, wainar ƙwai, ga butar alwala cike tun asuba.

Da Nijeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, wata 16 ba ciniki, amma Inna ba ta kashe wuta ba. Direba ya ci, yaron mota ya ci, sai ta ce a rubuta. Ni nake mata rubutun.

Littafin yana hannuna. 'Yarta ke riƙe da rumfar yanzu, ga ƙanne a makaranta. Ba zan kira suna ba. Wanda ya san yana ciki, ya same ni bayan la'asar.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna ce makomarta.