Murmushin Da Bai Kai Ciki Ba



Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabin rantsar da shi, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000.

Zauna a teburin mai shayi, za ka ji magoya bayan Atiku ko Kwankwaso, abokan hamayyar Tinubu a zaɓe, suna cewa, "Ai dama mun faɗa muku." Maganar da daɗin faɗa, kada mu ruɗi juna. Wanda aka yi wa shaguɓe lokacin kamfen, ba laifi in ya ɗan murmusa.

Sai dai mai murmushin nan ne zai miƙe ya tsayar da A Daidaita Sahu, a yanka masa kuɗi ninki biyu. Mai awo ma ba ya tambayar katin jam'iyya kafin ya faɗi kuɗin kwanon masara.

Tun da aka cire tallafin, kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru, har da jihohin 'yan adawa. Don Allah, kowa ya tambayi gwamnansa ina kuɗin suka shiga.