Baƙin Hafsan da Ba a Saurara ba: Jawabi a Kan Wani Tsohon Fim na Faransa



An nemi in yi magana a kan yadda fim ke nuna jinsunan mutane, da wanda yake ba baki da wanda yake hana. Na zaɓi fim guda na Faransa, La Grande Illusion, wanda Jean Renoir ya shirya a 1937. Labarinsa na hafsoshin Faransa ne da Jamusawa suka tsare a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Bari mu fara ba shi haƙƙinsa. Renoir ya tara mutane iri-iri a kurkuku ɗaya. Akwai de Boëldieu, ɗan sarauta, da Maréchal, makanike ɗan talakawa, wanda Jean Gabin ya fito a matsayinsa, da Rosenthal, Bayahude ɗan masu banki, wanda ke ciyar da sauran daga kayan da ake aiko masa daga gida. Nuna Bayahude a matsayin mai kyauta da amana a 1937, alhali Hitila na kan mulki, ba ƙaramar jarunta ba ce, kuma gwamnatin Jamus ta haramta fim ɗin. Su ma Jamusawan ba a mai da su dodanni ba. Elsa, wadda mijinta ya mutu a Verdun, ita ce ta ɓoye Maréchal da Rosenthal har suka tsallaka Siwizalan.

To, ina namu? A kurkukun ƙarshe akwai baƙin hafsa guda. Yana kwana ɗaki ɗaya da su, amma ba mu san garinsu ba, ba mu san yadda aka kama shi ba. Akwai inda ya kawo wani zane da ya gama yana nuna wa abokan zamansa, Maréchal ya ɗan duba da wutsiyar ido, suka ci gaba da shirin gudunsu.

Masana sun rabu a kan wannan. Wasu sun ce da gangan Renoir ya yi, don ya nuna cewa zumuncin da ya haɗa talaka da mai kuɗi, Kirista da Bayahude, ya tsaya cak a kan baƙar fata. Wasu kuma sun ce fim ɗin da kansa ya yi laifin da yake nunawa. Ni dai ra'ayina, Renoir ya ga cutar, tunda ya tsayar da na'urarsa a kanta, amma gani ga wane bai isa ba. Ya ba Rosenthal dangi da tarihi da bakin rama zagi, shi kuwa wancan sai tsayuwa a gefe.

Abin da ya sa zancen ya shafe mu shi ne, Faransa ta kwashi mutanen Afirka ta Yamma kusan 200,000 zuwa wannan yaƙi, kimanin 30,000 ba su dawo ba. An kira su duka sojojin Senegal, alhali daga ƙasashe da dama aka ɗebo su, har da ƙasar Nijar ta yau. Sai da Ousmane Sembène ya yi Camp de Thiaroye a 1988, a kan kisan da sojojin Faransa suka yi wa irin waɗannan sojoji a kusa da Dakar a 1944, sannan Omar Sy ya fito a Tirailleurs a 2022, aka ga sojan Afirka yana riƙe da labarin da kansa.

Saboda haka, 'yan'uwa, in mun zauna kallo da 'ya'yanmu, kada mu tsaya ga ƙirga baƙaƙen fuskoki. Mu tambaya, shin mutumin yana da suna, yana da gida, kuma in aka cire shi labarin zai canza? Malamanmu na tarihi da ke zaune nan sun koya mana mu tambayi wa ya rubuta littafi. Haka ya kamata mu yi wa fim, na Faransa ne ko na Kano.