Bayan An Rage Mini Tumbi: Jawabi A Taron Tsofaffin Ɗalibai



Tun da na shigo na lura wasunku suna satar kallona, har wani abokin ajinmu mutumin Sule Tankarkar ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa?" Lafiya lau. Ƙiba da ciwon suga da hawan jini ne suka yi mini taron dangi, likitoci suka ba da shawarar a rage mini tumbi, aka kuwa yi aikin a Alƙahira. A irin wannan tiyata akan cire wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin, abin da ya rage bai wuce girman ayaba ba.

Maganar ciwo, ba zan ɓoye muku ba, na ji jiki. Abin mamaki, kafaɗa ta fi damuna a kan ƙananan hujin da aka yi a cikina. Ashe iskar da ake hura wa ciki lokacin aiki ce take haddasa haka, maganinta kuwa tattaki, ko da daga gado zuwa bakin ƙofa ne. An ba ni farasitamol, aka kuma ja mini kunne a kan Ibuprofen da Diclofenac, irin waɗanda muke saye a kemis ba tare da tambayar kowa ba, domin suna iya jawo gyambo ko zubar jini a sabon ɗinki. Amma ciwon da yake ƙaruwa, ga zazzaɓi, ga zuciya tana bugawa da sauri, wannan ba na haƙuri ba ne. Yana iya zama ɗinkin ne yake yoyo, sai a garzaya asibiti ko da tsakar dare.

Babbar jarrabawar sai da na dawo Gumel. An ce lallai in riƙa samun furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka da warkar da rauni, giram 60 zuwa 80 kowace rana. Ƙwai ɗaya giram 6 kacal yake da shi, ga shi cokali uku ko huɗu ya cika ni. Ku yi lissafin da kanku, tunda malaminmu na lissafi yana zaune a nan. Makonni biyun farko ruwa-ruwa ne kawai: madara, tataccen romon kaza, da kindirmo marar suga. Romon ma ɗanɗano ne ya fi yawa, madarar da kindirmon su ne masu aikin. Daga baya na shiga dafaffen ƙwai, alale mai laushi, awara wadda ba a soya ba, da kifin Haɗejiya da aka dafa ya yi luguf. Duk abin da aka ajiye mini, mai furotin nake fara ci, in wuri ya rage sauran su biyo baya. Ruwa kuwa kurɓi-kurɓi, kuma sai an yi rabin awa da gama cin abinci.

To, ga inda na so ku saurare ni da kyau. 'Yan dubiya sun fi ciwon ba ni wahala. Gwaggona ta taso tun daga Gagarawa da ƙwaryar fura da tuwon gero miyar kuka, ta zauna a gabana sai na ci. Wani aminina da ya dawo daga kasuwar Maigatari ran Alhamis ya shigo da tsire mai zafi. Na ji nauyinsa na ci yanka biyu, na kwana ina amai, uwargida tana kuka, kashegari ko madara na kasa sha. Daga ranar na daina kunya. Duk wanda ya tambayi me zai kawo, sai in ce kindirmo ko ƙwai.

Gwaggo dai har yau tana ganin an cuce ni, wai namiji ba tumbi. Ni kuwa ina shan bitamin ɗina kullum, musamman B12 da aka ce na har abada ne, kuma sugana ya sauka.

Masu rabon abinci, don Allah ni a ba ni kaza rabin cinya, shinkafata a ƙara wa mutumin Sule Tankarkar.